Zaren gilashin da ya koyi ƙarya a rijiyoyin tururi na Alberta

Abun da ya faru da zaren faiba mai auna zafi a rijiyoyin kwalta na Alberta ta ƙasar Kanada a farkon shekarun 2000 ya daɗe yana min yawo a kai. Lalacewar na'ura ai ba labari bane, kullum cikin lalacewa suke, amma wannan salon lalacewar daban ne. Zaren bai mutu tashi ɗaya ba. Sai da ya fara shara ƙarya tukuna, a hankali a hankali, kuma da fuskar mai gaskiya, layi mai kyau yana fitowa a kan kwamfuta kamar komai lafiya lau.

Bari in fara da wajen, dan in ba'a gane rijiyar ba to ba za'a gane dalilin da yasa digiri goma kacal zai iya jawo asara ba. A arewacin Alberta, yankin Athabasca wajajen garin Fort McMurray, man dake ƙasa ba mai ruwa-ruwa bane, kwalta ce cakuɗe da yashi, kuma a sanyin dake can ƙasa, digiri 10 ko kusa da haka, ko ka haƙa rijiya ka zauna jira shekara guda ɗigo ba zai fito ba. Wajen kashi 80 cikin 100 na arzikin yayi zurfin da ba za'a iya yaye ƙasa a kwaso shi da manyan motoci ba. Wani injiniya Roger Butler da yake aiki da kamfanin Imperial Oil shi ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1970, ana ce mata SAGD, hukumar AOSTRA ta gwamnatin Alberta ta fara gwada ta a 1987 a wani ramin gwaji na ƙarƙashin ƙasa, sai a 2001 aikin Foster Creek ya fara fitar da mai da ita na kasuwa sosai. Rijiya biyu ake haƙawa, su nutsa ƙasa sannan su lanƙwasa su kwanta, ɗaya a saman ɗaya, tsakaninsu kamar mita 5, tsawon kwanciyar kuma daga mita 500 har 1,000. Ta sama ana ɗura mata tururi mai zafin da ya haura digiri 200, kwaltar ta narke ta gangaro, ta ƙasa ta tattara a tsotso ta zuwa sama. Inda rijiyar ta lanƙwasa ma'aikata suna kiransa dunduniya, can ƙarshenta kuma yatsa, kamar dai ƙafar mutum.

Toh ga inda gizo ke saƙar. Dole a bar ɗan tafki na narkakkiyar kwalta da ruwan zafi kwance a saman rijiyar ƙasa, shi ne yake tare tururi kar ya kutso. Ba mai iya leƙawa ya ga tafkin nan, da zafi ake gane shi. In matsin tururin ya kai kilofaskal 2,500, zafinsa digiri 224 ne, wannan doka ce ta ruwa ba ta canzawa. In rijiyar ƙasa ta nuna 204, kaga akwai tazarar digiri 20 kenan, tafkin yana nan da kauri. In ta nuna 223, tururi na bakin ƙofa. Wannan tazarar ita suke kira sabkul, kuma yawanci tsakanin digiri 10 da 30 ake so a riƙe ta. In ta yi yawa kwalta ta taru ta huce, mai ya ragu, tururin da aka ƙona gas aka dafa ya tafi a banza, kuma fa kowace ganga ɗaya ta mai tana cin kamar ganga uku na ruwan da aka mayar tururi. In ta yi kaɗan tururi ya faso da gudu ɗauke da yashi, ya goge bututun nan mai tsaga-tsaga da yake tace yashin har ya huda shi, yashi ya cika rijiya, famfon dake ciki ya ƙone.

Da farko tamokoful ake sakawa, wato wayoyi biyu na ƙarfe iri daban-daban da aka haɗe bakinsu, zafi yana sa su fidda 'yar wuta a auna. Yana aiki, har yau ma ana sa shi. Matsalarsa guri ɗaya kawai yake gani. A ce rijiya mai mita 800 ka sa mata guda 8, kowanne da ɗan'uwansa mita 100 ne, shi kuwa tururi in zai faso a 'yan mitoci kaɗan yake fasowa, ba ruwansa da inda ka ajiye na'urarka. Na'urorin lantarki masu guntun kwamfuta a ciki kuwa ba'a ma maganarsu, zafin digiri 200 da ɗoriya wata da watanni ba abun da suke jurewa bane.

Shi yasa da faiba ta zo kowa ya yi murna. Zaren gilashi ne mai kaurin maikiron 125, ya ɗan fi silin gashi kaɗan, ba lantarki a jikinsa, ba tartsatsi, injin da yake karanta shi yana can sama cikin ɗaki mai sanyi. Kuma zaren gaba ɗayansa shi ne ma'aunin, daga bakin rijiya har yatsa. Tsarin ana ce masa DTS. Leza tana harba ɗan guntun haske, na nanosakan 10 (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), haske a cikin gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya, wato kowace mita zuwa da dawowa nanosakan 10 take ci, saboda haka in ka duba lokacin da amsa ta dawo ka san daga mita ta nawa ta fito. Rijiya mai mita 800 ta zama tana da ma'auni 800. Wa zai ƙi?

Amsar da take ɗauke da labarin zafin kuma tushenta binciken C. V. Raman ne, masanin Indiya, a 1928, wanda ya samu kyautar Nobel a kansa a 1930, sai a tsakiyar shekarun 1980 masu bincike a Ingila irin su John Dakin da Arthur Hartog suka mayar da abun ma'aunin zafi a cikin faiba. In haske ya ratsa gilashi, wani ɗan mitsitsi daga ciki yana musayar ƙarfi da girgizar ƙwayoyin gilashin, sai ya dawo da launi biyu sababbi. Da nanomita ake auna launin haske, in lezar mai nanomita 1064 ce, ɗaya yana dawowa a wajen 1116, sunansa Stokes, ɗayan a wajen 1016, shi ne anti-Stokes. Ni dan sauƙi nake ce musu mai haƙuri da mai zafin kai. Mai haƙuri, Stokes kenan, zafi baya damunsa sosai. Mai zafin kai kuwa da gilashi ya ɗumama sai ya ƙara ƙarfi. Injin yana raba ƙarfin wannan da na wancan, abun da ya fito shi ne zafin wajen. Dukkansu biyun raunana ne ƙwarai, sai an harba haske dubbai an tara kafin a samu layi mai tsafta.

Akwai wani zato guda ɗaya da aka gina lissafin a kansa, kuma shi ne ya rushe. Launukan nan biyu a hanyarsu ta dawowa gilashi yana ɗan cin kowanne, ba daidai ba, amma a sabon zare bambancin cin sananne ne kuma iri ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Sai a saka wa injin lamba ɗaya, a ce masa duk kilomita ka cire kaza, shikenan.

Zaren da aka fara sakawa irin na sadarwa ne mai faɗin ciki, cibiyarsa maikiron 50, an gauraya ta da sinadarin jamaniyam dan ta riƙe haske. Rigar roba ta faibar intanet a digiri 85 take tsayawa, dan haka aka canza mata riga da foliyimaid, wata roba mai jure kusan 300, wasu harda shafen kabon a ƙarƙashi. Ana zura shi cikin siririn bututun ƙarfe mai kwata ɗin inci, ko a tura shi da ruwa bayan an gama saka bututun. Ranakun farko abun gwanin sha'awa, ana ganin yanda zafi yake bin rijiya, nan ya kama nan bai kama ba, abun da da sai dai hasashe.

Bayan watanni kaɗan, a wasu rijiyoyin ma ba'a kai haka ba, sai layin ya fara karkata. A dunduniya faiba da tamokoful bakinsu ɗaya, ana matsawa ciki suna rabuwa, a yatsa kuwa kowa da nasa zancen. A gyara lambar nan da aka saka wa injin, yatsa ya daidaita tsakiya ta kauce. A dawo bayan sati biyu gyaran ya tashi aiki. Daga baya sai layin ya fara kaushi daga can ƙarshe, tsalle-tsalle kamar rediyon da ta rasa tasha, kaushin yana tahowa baya-baya har ya cinye sashen da yafi zafi, wanda kuma dan shi aka sa zaren tun asali. Da aka zaro zaren aka auna, ba karyewa yayi ba, lafiyarsa ƙalau a ido, haske ne kawai baya wucewa. Ya makance.

Ruwa baya tsami banza. Mai laifin haidirojin ne, wani nau'in iska, kuma rijiyar SAGD masana'antarsa ce, ƙarfe yana tsatsa cikin ruwan zafi yana sakinsa, tururi yana dafa kwalta shi ma yana fitowa tare da wasu iskoki. Ƙwayarsa ita ce mafi ƙanƙanta, a wannan zafin tana ratsa bangon bututun ƙarfe, ta ratsa foliyimaid kamar babu, ta shige gilashi. Abun haushin ma ba sabon ciwo bane, masu wayoyin sadarwa a Japan da Ingila sun gamu da shi tun farkon shekarun 1980, shafen kabon ɗin nan ma maganinsa ne. Sai dai kabon yana tare haidirojin ne a zafin da bai wuce wajen digiri 150 ba, daga nan ƙofa a buɗe take, iya dai ya jinkirta shigar. Man shafawa mai shanye haidirojin da ake cusawa a bututu shi ma yana ƙoshi, kuma zafin rijiyar tururi yafi ƙarfinsa.

In ya shiga ɓarna iri biyu yake yi. Ta farko yana zaune ne kawai a tsakanin ƙwayoyin gilashi yana shan haske, musamman a nanomita 1240 da wasu ƙananan gurare kusa da 1100, wannan in haidirojin ya fita gilashi yana warkewa. Ta biyu ita ce mugunyar, zafi yana sa shi ya ƙulla aure da gilashin, ya haɗu da iskar oksijin dake jikinsa ya zama OH mai shan haske a wajen 1380, kuma inda jamaniyam yake nan ne yafi samun wajen kamawa, harda wata ɓarnar da take cin gajerun launuka fiye da dogaye. Wannan ba ta warkewa. Wato abun da aka zuba dan zaren ya riƙe haske shi ya buɗe wa ɓarawo taga.

Yanzu a dawo kan zaton nan na lamba ɗaya. Cin hasken ya daina zama iri ɗaya, inda yafi zafi yafi ci, yau ba kamar jiya ba, kuma launi ɗaya yafi ɗaya ciwuwa. Injin bashi da hanyar bambance mai zafin kai da ya dawo a raunane saboda wajen yayi sanyi, da wanda ya dawo a raunane saboda an cinye shi a hanya. Duk ɗaya ne a wajensa.

Nan nake so a ɗan tsaya a yi lissafi, dan ni sai da na yi shi da kaina sannan abun ya bani tsoro. A digiri 20, rabon launukan nan biyu yana canzawa da kusan kashi 0.74 cikin 100 a kowane digiri. A digiri 220 kuwa kashi 0.26 ne kawai, wato ma'aunin yana ƙara zama kurma daidai inda ake buƙatar kunnensa. In aka samu kashi 2 cikin 100 na haske da ya ɓace ba'a sani ba, a ɗaki kuskuren bai kai digiri 3 ba, a rijiyar tururi ya kusa 8. To a ce kashi 5 ne ya ɓace daga mai zafin kai. Wajen da zafinsa na gaskiya 223 ne zai fito a kwamfuta 204. Mai kula da rijiya ya duba ya ga sabkul ɗinsa 20 cif, alhali saura digiri ɗaya tururi ya shigo, sai ma ya ce bari in ƙara wa famfo gudu tunda akwai sarari. In kuma mai haƙuri ne aka fi ci, sai rijiya ta nuna zafin da babu shi, a rage tsotso a zauna ana asarar mai saboda tsoron tururin da bai zo ba. Kashi 5 fa, wanda in a layin intanet ne ba wanda zai ma lura. Kuma kuskuren taruwa yake, duk abun da aka ci a mita ta 300 yana kan duk wata amsa da ta fito daga bayanta, shi yasa yatsa ya fi kowa shan wahala.

A ganina zaren da ya makance gaba ɗaya yafi wannan sauƙi, dan ka san baka da ido sai ka koma wa tamokoful ɗinka. Watannin da yake tsakanin lafiya da makanta su ne masu haɗari.

Gyaran bai zo ta hanya ɗaya ba, kuma kowanne da kuɗin da ya caza. Na farko shi ne a canza gilashin, a cire jamaniyam a bar cibiyar silika zalla, wato tsantsar gilashi ba gauraye, sai a zuba sinadarin fulorin a gilashin da ya kewaye ta dan hasken ya zauna a tsakiya. Wannan ya rage ɓarna mai ɗorewa sosai da sosai, shi ne babban abun da ya ceci DTS a rijiyoyin tururi. Amma silika zalla amsar Raman ɗinta tafi rauni, kuma haidirojin bai daina shiga ba, yana nan yana shan nasa a 1240, OH ma yana taruwa sai dai a hankali.

Na biyu yafi burge ni dan dabara ce ta lissafi, an haƙura da cewa zaren zai lalace, an koma neman yanda za'a kama shi in yana ƙarya. A lanƙwasa bututun a yatsa ya dawo sama, zaren ya zama yana da baki biyu a waje. A harba haske ta wannan bakin, sannan a harba ta wancan. Zafin mita ta 500 guda ɗaya ne ko ta ina ka tambaya, amma cin hasken da aka yi kafin a iso ta ya bambanta, ta hagu an bi wani sashe ta dama an bi ragowar. In aka haɗa amsoshin biyu sai cin ya zama iri ɗaya a ko'ina ya fita daga lissafi, harma a ga a wace mita ake cin. Kamar mai shari'a ne da ya raba shaidu ya tambayi kowa shi kaɗai. Kuɗinsa shi ne tsawon zare ya ninka, hasken da dama rauni gare shi sai ya yi tafiya biyu, kuma in zaren ya tsinke a guri ɗaya an koma gidan jiya. Wani amfanin lanƙwasar shi ne in zare ya gaji ana iya turo shi waje da ruwa a tura sabo ba tare da an zaro kayan rijiya ba. Inda ba halin lanƙwasa kuma aka zo da leza biyu, a zaɓe su yanda hasken ɗaya zai tafi da launin da amsar ɗayan take dawowa da shi, sai tafiya da dawowa su bi launuka biyu iri ɗaya, cin ya soke kansa.

Wasu kamfanonin kuma suka bar Raman ɗin baki ɗaya suka koma FBG, wanda shi ma ɗan Kanada ne, Ken Hill ya gano shi a 1978 a cibiyar binciken sadarwa dake Ottawa. Ana zana wasu 'yan layuka ƙanana a cikin cibiyar zaren, su zama madubin da launi ɗaya tak yake mayarwa, in wajen ya ɗumama launin ya matsa, kamar fikomita 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na nanomita, a kowane digiri in ana aiki a nanomita 1550. Tunda launi ake dubawa ba ƙarfin haske ba, ko an cinye rabin hasken a hanya amsar bata canza ba muddin tana isowa. Ana jera gomomi a zare ɗaya, sun fi tamokoful yawa nesa ba kusa ba amma basu kai ma'auni a kowace mita ba. Su ma ba waliyyai bane, in aka ja zaren ko ya takure launin yana matsawa kamar zafi ne, haidirojin da ya shiga gilashi yana ɗan tura shi, kuma zanen irin na farko yana dishewa in zafi ya doshi 300. Zanen da ake yi da leza mai bugun femtosakan, wato gajeren bugu ƙwarai, shi ne yake kaiwa wajen digiri 1,000, amma wannan zancen tanderu ne da injin jirgi, rijiyar SAGD bata kai can ba.

Abun da aka zauna a kai a ƙarshe haɗin gambiza ne, zare mai silika zalla, awo ta baki biyu ko leza biyu inda hali ya bada, sannan a sama kusa da injin a naɗe wasu mitoci na zaren a wajen da aka san zafinsa dan a riƙa gwadawa. Lokaci-lokaci a auna yawan hasken da zaren yake ci a launuka daban-daban a ajiye, dan a ga ranar da ya fara tsufa kafin layin zafi ya nuna. Tamokoful ɗin da aka zo maye gurbinsa kuwa a rijiyoyi da yawa yana nan a ɗaure kusa da zaren, a dunduniya da yatsa, in su biyun suka fara saɓawa da 'yan digirori sai a ɗauko bayanan cin hasken na watan da ya wuce a duba wanene ya motsa.